Daren Da Aka Ɗauke Wuta Kalangu Bai Tsaya Ba

(Jawabin da wani ɗan kwamiti, mai sana'ar goro, ya yi a taron wata-wata na ƙungiya a Sabo, Badun)

 

 

Da farko ina neman afuwa, domin ni ba gwanin jawabi ba ne. Goro nake sayarwa, shi na gada, iyakar karatuna kuwa Islamiyyar nan tamu ce. Abin da ya tsayar da ni gabanku yau shi ne maganar nan da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a kwamitin shirya taron Sallah. Zama uku muka yi a kan abu ɗaya. Matasa sun ce a ɗauko dije, wato mai sa kiɗa a na'ura, ya fi arha kuma ba ya gajiya. Wasu daga cikinmu mun ce a aika gida a ɗauko makaɗa na gaske. Wasu kuma sun ce duk a bari, a yi addu'a, a ci abinci, a watse. Shugaba ya ce tunda na fi kowa ɗaga murya, to in zo in faɗa wa jama'a dalilina da bakina. To ga ni. Ni dai ba ni da hujjar littafi, abin da idona ya gani kawai zan faɗa, mai daɗi da marar daɗi.

A nan unguwar aka haife ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mutumin ƙasar Bakori ne, ya shigo Kurmi a jirgin ƙasa yana saurayi tun kafin a ba da mulkin kai, ya tarar da Sabo ta riga ta yi shekara arba'in da wani abu, tunda a 1916 aka kafa ta. Waɗanda suka san shi sun san ba mutumin wasa ba ne. Daga rumfa sai masallaci, daga masallaci sai gida, wazifa ba ta wuce shi. A gidanmu ba a kunna kaset. Abu ɗaya ya yarda da shi, shi ne akwatin rediyonsa, da dare ya yi sai ya murɗo Kaduna a gajeren zango don ya ji labarai. Amma kun san halin Kaduna a wancan zamani, ana gama labarai sai waƙa ta biyo baya. Ni da ƙannena mukan lafe a bakin ƙofa mu ji Shata, mu ji Ɗanƙwairo, muryar tana zuwa tana komawa kamar ana kaɗa ta da iska. Na lura Baba ba ya saurin kashewa. Yakan yi kamar yana neman wani abu a cikin jakarsa, sai waƙa ta kusa ƙarewa sa'an nan ya miƙa hannu ya kashe, ya daka mana tsawa mu je mu kwanta.

To ina da shekara goma sha bakwai ko sha takwas, sai unguwa ta ɗauka cewa wani babban mai gida cikin fataken goro zai aurar da 'yarsa, kuma Alhaji Mamman Shata ne zai zo. Lokacin ba a daɗe da ba shi digirin girmamawa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ba, a 1988, kowa sai Dakta, Dakta. Jama'a, kwana uku ban yi barcin kirki ba. Mutumin da nake ji cikin akwati, ashe yana da ƙafa, har zai taka layin da nake takawa!

Ran nan bayan lisha na jira gida ya yi tsit, na riƙe takalmina a hannu, na fice. An tare layi gaba da baya, an jera benci da kujeru, an shimfiɗa tabarmi a gaba, an ja waya an rataye ƙwayaye. Mutanen Shagamu sun zo, mutanen Agege sun zo, direbobi sun ajiye manyan motocinsu sun zo, mahauta sun zo da ƙungiyarsu, ga maƙwabtanmu Yarbawa a tsaitsaye a gefe. Irinmu yara ba mu da wurin zama, sai na hau kan wata katanga tare da wasu.

Bari in gaya wa matasan da ba su taɓa gani ba yadda abin yake, domin abin da kuke gani a waya bai nuna rabinsa ba. Makaɗa ne ke fara fitowa, kowa da kalangunsa a hammata. Kalangu kun san shi, baki biyu gare shi, tsakiyarsa a tsuke, ga tsarkiya ta haɗa fatar nan da waccan. In makaɗi ya matse da hannu sai murya ta yi sama, in ya saki ta sauko, shi ya sa yake magana kamar mutum. Wanda ya san kan abin yana jin abin da kalangu ke cewa tun mawaƙi bai buɗe baki ba. Sukan daɗe suna yi su kaɗai, suna ɗumama wuri, 'yan amshi suna tsaye a bayansu. Akwai kuma sanƙira, wanda aikinsa ya san kowa: wane ne wannan, ɗan wane ne, daga wane gari, me ya bayar. Shi ke kai wa mawaƙi labari, shi ke shelanta kyauta. Sai da wuri ya ɗauki zafi sa'an nan Shata ya miƙe.

Ba tsalle ya yi ba, ba rawa ya yi ba. Dattijo ne ya haura sittin, cikin babbar riga, ya tsaya kawai ya ba da amshi, 'yan amshi suka karɓa. Daga nan magana ta ɓalle. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, waƙar da na sani a rediyo ce, na haddace ta tsaf, amma ba ita yake yi ba. Amshin dai shi ne, kiɗan shi ne, amma maganar sabuwa ce, ta wannan dare, ta mutanen da ke zaune a gabansa. Yakan dubi mutum ya ɗauke shi ya saka cikin waƙa nan take, da sunansa da sana'arsa da garinsu. Manya na tashi ɗaya bayan ɗaya suna liƙi. A lokacin babu takardar kuɗin da ta wuce naira ashirin, 'yar Murtala, in ka ga an liƙa ta to ka san mai abu ne ya tashi.

Can wajen sha biyun dare sai aka ɗauke wuta. Ɗif! Lasifika ta mutu, wuri ya yi baƙi ƙirin. Yara muka sa ihu kamar yadda muka saba. Amma kalangu bai tsaya ba, ko kuskuren bugu ɗaya ban ji ba. Shi kuma mai waƙa bai tsaya ba. Da jama'a suka ji haka sai kowa ya yi shiru don ya ji, ɗaruruwan mutane, har kana jin tarin wani daga can ƙarshen layi. Muryar mutum ɗaya, ba lasifika, tana ratsa duhu. Wallahi abin da na ji a wannan ɗan lokaci kafin a kawo fitilu ya fi mini duk sauran daren. A cikin duhun nan ne ya shiga zayyano garuruwan ƙasar Katsina, yana bin hanya gari bayan gari kamar mai tuƙa mota, duk garin da ya ambata sai ka ji wani ya amsa daga cikin duhu.

Aka kunno fitilar gas ta farko aka ɗaga ta kusa da katangar da nake. Ina duba ƙasa, wa zan gani? Baba. Yana tsaye shi kaɗai a bayan jama'a, ya rufa da mayafi har ka, carbi a hannu. Cikina ya ɗuri ruwa, na ce yau kashina ya bushe. Amma bai gan ni ba, ko kuwa ya gan ni ya ƙyale. Na ga dai yana share fuska da gefen mayafi. Mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da aka binne ƙanena.

Na riga shi komawa gida. Da asuba ya tashe ni salla kamar kullum, bai ce ba, ban ce ba. Sai bayan shekara goma, ranar da aka yi sanarwar rasuwar Shata, 18 ga Yuni 1999, muna zaune a rumfa, ya yi masa addu'a, ya yi shiru, sa'an nan ya ce da ni, "Ai na gan ka a kan katanga." Ya ce a wancan lokaci ya shekara goma sha ɗaya bai taka gida ba, tun da ya je ya tarar an riga an binne mahaifiyarsa, zuciyarsa ta ƙi komawa. Ya ce da ya ji an ambaci Bakori cikin duhu, sai ya ga kasuwarsu, ya ga hanyar rafi. A Sallar da ta biyo bayan bikin ya shirya ya tafi gida, kuma da ni ya tafi. Tafiyata ta farko ke nan Arewa. Dangin da nake zumunci da su yau, har na ba ɗayansu 'yata, a wannan tafiya na san su.

To wannan shi ne mai daɗin. Yanzu ga marar daɗin, domin kada malamai su ce na ɓoye.

Bayan 'yan shekaru, ina yaron wani mai gida abokin Baba, ya aike ni Shagamu in karɓo masa kuɗin goro. Lokacin an fito da naira hamsin, wazobiya, a 1991, tana sabuwa tana ƙamshi. Na karɓo kuɗi, maimakon in kamo hanya sai wani abokina ya ce akwai wani mai kukuma da ya sauka a wani gidan wasa, mu leƙa minti goma. Ba zan faɗi sunan mai kukumar ba, ba shi da laifi, sana'arsa yake yi. Ashe abokin nan nawa ya raɗa wa sanƙira sunana da sunan ubana da na garinmu. Ina zaune sai na ji ana kirana cikin waƙa, ana cewa ni ne wane ɗan wane mai goron da ba ya ƙarewa. Jama'a, ni da ko huhu ɗaya ban mallaka ba! Kaina ya kumbura. Na tashi na sa hannu a aljihu. In na koma in zauna sai a ƙara wani kirarin, in sake tashi. Kafin gari ya waye kuɗin huhu biyu sun tafi, asuba ma ta tafi, sai da rana ta fito na yi ta.

Mai gidana bai kai ni ko'ina ba, bai ma zage ni ba, wanda ya fi duka ciwo. Ya kira Baba, aka yi lissafi, na yi wata takwas ina aiki ba a ba ni ko kwabo. Maganar aurena da aka fara aka ɗage ta shekara guda, saura kaɗan a ba wani. Uwar 'ya'yana tana can baya tana jina, ta san ba ƙarya nake ba. Saboda haka in malam ya tashi ya ce a wurin kiɗa akwai almubazzaranci, akwai shaye-shaye, akwai cakuɗuwar maza da mata, akwai tozarta salla, akwai zambo da cin mutuncin wanda bai bayar ba, ni ba zan ce ƙarya ne ba. Na gani da idona, wani ma a kaina ya faru.

Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Na ga Ɗan Maraya Jos sau ɗaya a wani ɗakin taro a Ikko. Shi ba ya tafe da rundunar makaɗa, daga shi sai ɗan kuntiginsa, abin da bai fi tafin hannu ba, tsarkiya ɗaya tal. Da ya fito na ce a raina, wannan ɗan abin ne zai cika ɗakin nan? Ya cika shi kuwa. Shi waƙarsa ba ta masu kuɗi ba ce kawai, yakan ɗauki talaka ya yi masa waƙa, yakan ɗauki zaman aure ya yi muryar miji ya yi muryar mata, mutane na dariya alhali da su ake. Da ya ɗauko waƙar karen mota, yaran motar da ke tsaye a bakin ƙofa, waɗanda ko kujera ba a ba su ba, sai ga su sun zama su ne manyan baƙi. Ɗaya ya cire hularsa ya ɗaga sama ya kasa saukewa. A wannan dare ban ga wanda ya yi abin kunya ba, kuma kafin sha ɗaya kowa ya kama gabansa.

Iyayenmu mata kuma suna da nasu, wanda mu maza sai dai mu jiyo ta bayan katanga. Kiɗan ƙwarya, amada. A kife ƙore, wata a cikin ruwa wata a ƙasa, mata zalla, su kaɗa su yi rawarsu ba namiji ko ɗaya. Mahaifiyata, wadda ta yi shekara talatin tana sayar da tuwo a unguwar nan, ba ta da gwana kamar Barmani Choge ta Funtuwa, saboda ita ce ke gaya wa mata su tashi su kama sana'a. In an yi biki an yi amada, sai ta yi sati tana ba da labari, har abincin ma ya fi daɗi. Ina roƙon kwamiti, duk abin da za a yanke, kada a yanke shi a kan maza kaɗai a manta da su.

Sai kuma abin da ya fi tsaya mini a rai, kuma a nan nake so matasa su buɗe kunne. Mu da muke zaune cikin Yarbawa, wa ke cikinmu da bai taɓa zuwa bikin maƙwabci ba? Ni na je da yawa, na abokan ciniki, har anko na sha yi. Ku duba ku gani. Bayarabe in zai yi biki na ji da gani, yakan ɗauko mawaƙi da makaɗansa, mutum goma, mutum ashirin, da gangunansu masu magana irin kalangunmu. Shi ma kiɗan fuji ɗin nan da kuke ji, asalinsa daga waƙar tashin mutane sahur ne da azumi, wadda suke kira were, marigayi Sikiru Ayinde Barrister ya gyara ta ya fito da ita fili. Ya rasu a 2010, amma kiɗan bai bi shi ba, domin akwai na bayansa, kuma akwai masu kiransu suna biyansu. Yaro ya ga ubansa na ci da ganga, don me ba zai koya ba? Mu kuwa fa? Ɗanƙwairo ya tafi a 1991. Shata 1999. Barmani 2013. Ɗan Maraya 2015. Allah ya jiƙansu da rahama. Duk wanda ya faɗi sai mu ce an yi rashi, ba za a sake irinsa ba, mu koma mu kunna kaset ɗinsa. Ba mu taɓa tambayar kanmu ba, wa muka kira a bayansa, wa muka biya? Na san ɗan wani makaɗi, gidansu kaka da kakanni kalangu ne, yana nan garin yana acaɓa, ko okada kamar yadda ake cewa a nan. Na tambaye shi ina kalangun babansa, ya ce yana rataye a ɗaki a gida, ɓera ya cinye tsarkiyar.

Ban ce laifinmu ne mu kaɗai ba. Zamani ma ya taimaka. Wata ɗaya bayan rasuwar Shata aka yi rikicin Shagamu, a Yulin 1999, daga nan taron dare a zango ya fara ja da baya, kowa na tsoron abin da zai je ya zo. Abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 kuwa ba sai na tuna wa kowa ba, akwai waɗanda ke zaune a nan da suka rasa rumfunansu. Ga tsadar mota, ga halin da hanya ta shiga. Duk gaskiya ne. Amma dai ba mu daina biki ba, ba mu daina suna ba, kuɗin da muke kashewa a kan kujeru da rumfa da abinci bai ragu ba. Makaɗin kawai muka cire.

Bari in ba ku na ƙarshe. Shekarun baya kaɗan wani ɗan'uwa ya yi biki, ya ɗauko wani mawaƙin zamani daga Arewa da kuɗi masu yawa, har da na jirgi. Ba zan kama suna ba. Yaro ne mai ladabi, ya gaishe mu har ƙasa. Ya hau dandamali shi kaɗai da abin magana a hannu, aka sa kiɗa, murya na fita tas kamar a waya, yara na ta ihu. Ana cikin haka janareta ya shaƙe ya mutu. Shi ke nan. Kiɗa ya mutu, murya ta mutu, ashe duk a cikin na'ura suke, shi baki kawai yake motsawa. Ya tsaya yana murmushi yana ɗaga wa mutane hannu har aka gyara. Da aka tayar sai waƙar ta koma daga farko, kalma ɗaya ba ta canza ba. Bai san sunan ango ba sai da aka rubuta masa a takarda. Ina zaune ina kallonsa, sai katangar nan ta faɗo mini a rai.

Kada matasa su ce tsoho ya tashi yana zagin zamaninsu. A'a. Cikin mawaƙan yanzu akwai masu magana mai ma'ana, irin su Aminu Ala, ni ma ina saurare a mota. Kuma na san in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Abin da nake cewa shi ne, abin da ke cikin na'ura kuna da shi a aljihu, ko yaushe kuka so kwa ji, ba sai ƙungiya ta kashe kuɗinta ba. Wanda ba ku da shi shi ne mutum ya tsaya a gabanku, ya dube ku, ya kira sunan kakanku da garin da ya fito. Autana shekararsa goma sha huɗu. Yarbanci ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa, ban kuma ga laifinsa ba, nan ya buɗe ido. Kwanan baya ya ga hoton kalangu ya ce da ni, "Baba, wannan ai gangar Yarbawa ce." Na rasa abin da zan ce masa. 'Ya'yanku nawa ne za su ba da amsar da ta fi tasa?

Allah ya gafarta malamai, ni ban isa in yi fatawa ba, ku ne masu ita. Abin da kuka koya mana a Islamiyya dai shi ne an yi sauƙi a kan buga mandiri ranar Idi da ranar aure, kuma na san a kan sauran kayan kiɗa akwai maganganun malamai, ku kuka san su. Roƙona shi ne kada a yi jifa da abin gaba ɗaya, a zauna da ku a sa masa iyaka. Ga abin da na kawo wa kwamiti, ku duba ku gyara.

A yi shi da rana, daga bayan la'asar, a tsaya cak in an kira magariba, in za a ƙara a ƙara kaɗan bayan lisha, ƙarfe goma kowa ya tafi gida. A yi shi a cikin fili mai katanga, da sanin hukuma da sanin shugabannin maƙwabtanmu, a kuma gayyace su su zo su zauna a gaba. Mata su yi nasu daban da masu ƙwaryarsu. A gaya wa makaɗa tun kafin su taso cewa ba zambo, ba habaici, ba siyasa, wanda ya bayar da wanda bai bayar ba duk ɗaya ne. A yi ciniki da su a biya su haƙƙinsu daga asusun ƙungiya, don kada su dogara da abin da za su tatsa a fili.

Batun liƙi kuma, wanda shi ne ya kusa hana ni aure, yanzu ma ba sai mun yi gardama ba. Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana watsa naira da tattaka ta a wurin biki, hukuncinta ɗaurin da bai gaza wata shida ba ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba ko duka biyun, kuma a 2024 mun ga an fara kai mutane kotu a kanta har an ɗaure. Saboda haka a ajiye faranti ko ƙwarya a gaba, mai son bayarwa ya je ya saka da mutunci ya dawo. Yaron da aka aika da kuɗin mai gidansa kuma, don Allah ya kai kuɗin tukuna.

Akwai kuma abu ɗaya da nake so a ƙara. Kafin ranar, kowane mai gida ya zauna da 'ya'yansa ya gaya musu sunan kakansu da garinsu, a rubuta a kai wa sanƙira. Ba don a yi wa kowa kirarin ƙarya ba. Don in an kira Bakori, ko Gwarzo, ko Illela, ko Maraɗi, a samu yaron da zai amsa.

Ma'aji ya ce kuɗin mota ne babbar matsala. To na ɗauke wa ƙungiya wannan: kuɗin motar makaɗa zuwa da komawa a kaina, kuma ina da ɗaki biyu a gidana, su sauka a wurina, abincinsu ma uwargida ta ce ta ɗauka. Shi kuma yaron nan mai acaɓa na yi magana da shi jiya. Ya ce hannunsa ya yi nauyi, ya shekara bakwai bai taɓa ba, amma in an aika an kawo masa kalangun aka sa sabuwar tsarkiya, zai gwada ya tsaya a bayan manya. Na riga na ba direban da zai tashi jibi saƙo.

Shugaba, abin da ke bakina ke nan. Wanda na ɓata wa rai ya yafe mini. Sauran magana tana wurin malamai da kwamiti.